Fitilar da Yaya Ya Rufe wa Ido

Ranar da na dawo gida Rano hutun hunturun da ya wuce, Yaya ne ya ɗauko ni daga tasha a motar Baba. Ina zama a gaba idona ya faɗa kan wani ɗan baƙin salatif da aka liƙa a gilashin agogon mota. Na ce, "Yaya, wannan fa?" Bai ko kalle ni ba ya ce, "Cek ce. Ta dame ni da kallo, na rufe mata ido."

Na yi dariya, shi ma ya yi. Amma kafin mu kai ƙofar gida dariyar ta ɗauke. Muna fitowa daga wata kwana ya taka totur, motar ta yi kamar an riƙe ta ta baya, ta shaƙe na ɗan lokaci, sannan ta fizga. Yaya ya ce wata biyu ke nan haka take yi.

Bari in gaya muku matsayin motar nan a gidanmu, don ku gane abin da ya sa zancen ya tsaya min a rai. Toyota Corolla ce ƙirar 2004, 'yar Amurka da ta shigo ta Kwatano. Baba ya saye ta ta hannu da kuɗin garatutinsa bayan ya ajiye alli a firamare. Yaya ke jan ta haya tsakanin Rano da Kibiya, ranar kasuwa ya yi sahu uku ko huɗu, wani lokaci kuma a ɗauki shatarsa zuwa Kano ta Bunkure. Cefanen gida daga jikinta yake fita. Kuɗin rajistata na ND1 da ND2 daga jikinta suka fita. Da yawa daga cikinmu a makarantar nan akwai irin wannan mota, ko babur, ko injin markaɗe, da ke tsaye a bayan karatunsa.

Kafin in dawo an riga an yi mata magani kala-kala. Da farko aka ce mai ne. Ban ga laifin masu faɗin haka ba, domin tun abin da ya faru a watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol ƙasar nan har motoci suka lalace, duk motar da ta yi tari sai a ɗora wa mai. Ga shi tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 direbobi suka daina cika tanki, lita biyar-biyar ake zubawa, wani lokaci a hannun 'yan bumburutu. Aka sauke tanki aka wanke, ba ta daina ba. Aka canja filogi huɗu. Aka kai ta Kano aka canja famfon mai, aka wanke nozul, aka sayo koyil biyu a Ƙofar Ruwa aka sa. Duk lokacin da aka gama aiki sai a cire kan batir, fitilar ta mutu, Yaya ya dawo gida yana murna. Bayan kwana ɗaya ko biyu ta sake kamawa. Daga ƙarshe wani rewaya ya ce a bari ya cire ƙwan fitilar kowa ya huta. Yaya ya ga salatif ya fi araha.

Kwana uku da dawowata na bi shi Kibiya. Motar cike take, har da wata tsohuwa da jikarta, but kuma shaƙe da buhunan dawa. A wani miƙaƙƙen wuri muka tarar da tifa tana tafiyar hawainiya. Yaya ya leƙa, ya ga hanya, ya fita ya taka. Motar ta shaƙe. Daƙiƙa biyu ne ko uku, amma a cikinsu wata mota ta ɓullo daga gaba tana ba mu wuta. Yaya ya take birki ya koma bayan tifar da ƙyar. Tsohuwar nan sai salati take yi. Babu wanda ya ƙara cewa uffan har muka shiga Kibiya, ni dai ina kallon hannun Yaya yana rawa a kan sitiyari.

Da daddare bayan isha'i Baba ya kira mu zaure. Ya ce ba zai yarda a salwantar da ran mutane a motarsa ba, kuma ba shi da kuɗin da zai ci gaba da zubawa a rijiya. Akwai dillalin da ya taya, tayin wulaƙanci, wai inji ne ya tafi. Sai ya juyo gare ni. "Kai da ake ce wa Injiniya, shekara biyu kana karatun nan. Daga gobe an ajiye ta, ka duba ta. In ka kasa, Juma'a ta sama zan sallama." Na ce, "To, Baba." Amma a raina na san in motar nan ta tafi, zangona na ƙarshe da kuɗin furojet sun shiga wani hali.

Da safe abu na farko da na yi shi ne ɓare salatif ɗin. Ga waɗanda ba sashenmu ɗaya ba, ga abin da fitilar nan take nufi. Motar zamani tana da ƙwaƙwalwa, wato wata ƙaramar kwamfuta da ke lissafin man da za a fesa wa inji. Tun daga motocin shekarar 1996, dokar Amurka ta wajabta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a can ta zo da tsarin da ake kira OBD-II, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Asalin dokar don rage gurɓataccen hayaƙi aka yi ta, amma mu nan ta zame mana gata. In ƙwaƙwalwar ta ga wani abu ya kauce, sai ta kunna fitila, ta rubuta lamba, ta kuma ajiye bayanin halin da injin yake ciki a daidai lokacin: gudun mota, zafin inji, juyinsa. A ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai ramuka 16 da ake karanta wannan bayani ta cikinsa. A mota irin tamu, cire kan batir yana goge shi gaba ɗaya. Wato duk lokacin da aka kashe fitilar ta wannan hanya, takardar shaida ce ake yagawa kafin a karanta.

Lokacin SIWES na sayi 'yar ƙaramar na'ura irin ELM327 ɗin nan, wadda ake cusawa a soket ta yi magana da waya ta Bluetooth. Ita ce dai abin da mutane ke cewa a sa wa mota kwamfuta, sai dai tawa ta talaka ce. Na cusa, na buɗe manhaja, lamba ɗaya tak ta fito: P0171. Ma'anarta, iska ta yi wa mai yawa a cikin inji. Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, ta nauyi. Akwai sensa a bakin akwatin filtar iska, wadda bakanikai ke kira iyafulo, tana auna iskar da ke shiga. Akwai wata a jikin salansa tana shaƙar hayaƙin da ke fita, ta gaya wa ƙwaƙwalwa ko haɗin ya yi daidai. In ta ce mai ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa ta ƙara. In ta yi ta ƙarawa har ta kusa ƙure iyakarta, sai ta kunna fitila. Kuma wannan lamba sai ƙwaƙwalwa ta ga matsalar a tafiya biyu a jere kafin ta kunna, shi ya sa fitilar ke yin kwana ɗaya ko biyu a mace bayan an cire batir.

Na yi murna kamar na ci jarrabawa. Yaya ya ce, "To me za a canja?" A nan na fara fahimtar abin da malaminmu yake yawan nanatawa a wokshof, cewa lamba ba ta faɗin abin da za a canja. P0171 ba ta ce famfo ba, ba ta ce sensa ba. Cewa ta yi haɗin bai yi daidai ba, kuma abu uku ne ke kawo haka: ko mai ba ya isowa yadda ya kamata, ko sensar iska tana faɗin ƙasa da abin da ke wucewa, ko kuma iska tana shiga ta wata ɓarauniyar hanya da sensar ba ta gani.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya mana. Manhajar tana nuna kashin man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa a kan lissafinta na asali. A lafiyayyar mota wannan adadi yana yawo ne kusa da sifili, ba ya wuce 10 cikin 100 sama ko ƙasa. Tamu in tana tsaye a silo ƙarin bai kai goma ba, amma da Yaya ya ja ta ya taka a kan titi sai ya haye sama da ashirin. Ƙa'idar da ke cikin littafina ta ce in ƙarin ya fi yawa a silo ya ragu da an taka, iska ce ke satar hanya. In kuwa yana ƙaruwa da an taka, a nemi mai ko sensar iska. Don haka na soke na uku a takardata da biro.

Na kwance sensar iska. Ƙurar hunturu ta yi mata kaca-kaca, 'yan siraran wayoyin cikinta sun yi ja. Na fesa mata maganin wanke kayan lantarki, ban taɓa wayoyin da komai ba don ba sa jure taɓi, na bari ta bushe, na mayar. Na canja filtar iska. Motar ta ɗan ji daɗi, amma shaƙewar tana nan. Na kira wani abokin karatuna da ke aiki a gareji a Kano, ya aiko min da agogon awon ƙarfin mai ta hannun direba. Littafin Toyota ya ce injin nan yana son tsakanin 44 da 50 psi. Muka haɗa a layin mai, allura ta tsaya cak a cikin wannan iyaka, a silo da kuma in an taka. Famfo lafiyarsa ƙalau, kuma ina kyautata zaton tsohon da aka cire ma lafiyarsa ƙalau.

Ranar Laraba ta yi, saura kwana biyu, ni kuma na ƙure. Zato ɗaya ya rage min, in ce a sayo sabuwar sensa, wato in yi abin da nake zagin wasu da shi: canja kaya da sa rai. Umma ce ta ce, "Ka je wajen Kawunka mana. Tun kafin a haife ka yake cikin baƙin mai."

Kawu ɗan'uwan Umma ne, garejinsa a Kibiya yake, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya. Bakaniken Fijo 504 ne na asali, mutumin kafireta, kuma shi ya sa wa motar filogi tun farko sannan ya ce a kai ta birni, motocin kwamfuta ba nasa ba ne. Ban so zuwa ba. Da muka je, bayan gaisuwa, na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ɗaga wayata a gaban yaransa na ce, "Kawu, ai zamanin gyaran canki-canka ya wuce, yanzu da awo ake aiki." Yaran suka yi tsit. Yaya ya taka min ƙafa.

Kawu bai yi fushi ba, ko kuma bai nuna ba. Ya goge hannu da tsumma ya ce, "To madalla. Me awon ya ce?" Na yi masa bayani. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "In na fahimce ka, tana shan iska fiye da mai, kuma sai an taka take yi." Na ce haka ne. Ya ce, "In an taka me ke canjawa?" Na ce iska tana ƙaruwa, mai yana ƙaruwa, juyin inji yana ƙaruwa. Ya ce, "Saura ɗaya. Buɗe bonet."

Ya sa aka ja birkin hannu, aka tokare tayoyi da duwatsu, ya kori kowa daga gaban motar, mu biyu muka tsaya a gefe. Ya ce Yaya ya danne birki sosai, ya sa giya, ya ɗan taɓa totur na daƙiƙa biyu kawai. Yaya ya yi. Injin gaba ɗayansa ya karkata, ya ɗago fiye da yadda na taɓa zato, kuma a daidai lokacin muka ji wani ɗan sauti kamar huci. Kawu ya ce a kashe. Ya kai hannu ƙarƙashin babban tiyon roba da ya taso daga akwatin filta zuwa bakin inji, wanda tsakiyarsa ke da ninki-ninki kamar zugazugi, ya lanƙwasa shi sama. Sai ga tsaga ta buɗe baki a cikin ninkin ƙasa, tsawonta ya kai ɗan yatsa. In ka saki tiyon sai ta rufe ruf, ko ka haska tocila daga sama ba za ka gan ta ba.

Nan take komai ya haɗu a kaina. Kujerar inji ɗaya ta mutu, robarta ta yage. Duk lokacin da aka taka totur da kaya a mota, injin sai ya karkata ya ja tiyon, tsagar ta buɗe, iska ta shiga ta bayan sensa ba tare da an auna ta ba. Ƙwaƙwalwa ta fesa mai daidai da iskar da aka gaya mata, wadda ba ta kai ta gaskiya ba, mota ta shaƙe, sai ta farga ta ƙara mai, mota ta fizga. A silo injin ba ya karkata, tsagar a rufe take, shi ya sa adadin ya yaudare ni. Abin da na soke da biro shi ne amsar. Ƙa'idar littafina ba ƙarya ta yi ba, tana magana ne a kan ɓular da ke nan buɗe kullum. Ba ta san hanyoyin ƙauyukanmu da ke kashe kujerar inji ba, ba ta san zafin bazara da ke busar da roba ba.

Kawu ya ƙara da wani abin da ban yi tunaninsa ba. Ya shafa cikin tiyon ya nuna min yatsansa, jawur da ƙura. Ya ce, "Wata biyu tana haɗiyar wannan ba tacewa. Da an kai bazara a haka, maganar dillalin nan ta zama gaskiya."

Na durƙusa na ce, "Kawu, ka yi haƙuri da maganar da na yi ɗazu." Ya ce, "Tashi. Ai ni ma na sa mata filogi ban duba nan ba. Da wayarka ba ta ce iska ba, ni ba zan nemi iska ba, mai zan yi ta bi kamar sauran." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Amma ka riƙa kallon injin, ba wayar kaɗai ba."

Washegari da sassafe Yaya ya tafi Ƙofar Ruwa a motar haya ya sayo tiyo da kujerar inji. Su biyun a haɗe ba su kai kuɗin famfon da aka canja a banza ba. Yaran Kawu suka ɗaura. Wannan karon ba a cire batir ba sai da na ɗauki hoton bayanan da ke ciki, sannan na goge lambar da na'ura. Muka ɗora buhuna uku a but, muka yi Kibiya zuwa Rano, muka dawo, muka sake komawa. Ina riƙe da waya ina kallo, ƙarin man ya sauko ya zauna ƙasa da biyar, a silo da kan gudu. Fitila ba ta dawo ba. Ranar Juma'a dillali ya zo, Baba ya ba shi ruwa ya sha, ya ce an fasa.

Ga kaɗan daga abin da na ɗauka, ko zai amfani wani da ke da tsohuwar mota a gida. In ka murɗa makulli kafin ka tayar da inji, fitilar cek ya kamata ta kama tare da sauran fitilu, sannan ta mutu in inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwanta, kuma duk mai sayen mota ta hannu ya duba wannan kafin ya biya. In ta kama ta tsaya cak, ana iya lallaɓawa zuwa wajen gyara, amma kada a bar ta makonni. In kuwa tana ƙiftawa, inji yana ɓarin wuta ne, ɗanyen mai yana zuwa salansa yana ƙona abin nan da bakanikai ke kira indomi, gara a tsaya. Kada a bari kowa ya cire batir kafin a karanta lambar a rubuta ta. Kuma in aka ce a canja wani abu, a tambaya cikin ladabi: me aka auna aka ga ya mutu? Motar da ke shaƙewa kuma ba ta wuce tifa, ko da direba ya ga hanya fetal.

Mu da za mu fita da difloma bana, mafi yawanmu ba kamfani za mu shiga ba, garejin unguwa da na ƙauye za mu koma, gefen mutane irin Kawu. Na tafi hutu ina ganin na'urata za ta maye gurbinsu. Na'urar ta rage masu laifi daga goma zuwa uku, ta hana mu sake zubar da kuɗi, ta kuma tabbatar da cewa gyaran ya yi. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma da an yi shi tun watan farko da famfo da koyil suna nan a shagon mai su. Amma hannun da ya san inda roba ke tsagewa shekara talatin ya yi yana koyo, kuma babu shi a manhaja.

Ranar da zan dawo makaranta muka biya ta Kibiya in yi wa Kawu sallama. Ya ja ni gefe, nesa da yaransa, ya ce, "Wannan 'yar abar taka, nawa ake sayar da ita?" Na gaya masa. Ya ce in na dawo hutun sallah in taho masa da ɗaya, in kuma zauna in koya wa babban yaronsa karanta lambobin. Na ce, "To, Kawu, amma da sharaɗi, a bar ni in riƙa zuwa gareji ina kallo." Ya ce, "Kallo? Rigar aiki za ka sa."

Salatif ɗin yana nan liƙe a bangon littafin furojet ɗina. Yaya ya ce in mayar masa in na gama, wai yana da sauran amfani.